Saƙon Murya da Fadamar Jikoki

Ofishinmu ɗaki biyu ne a saman wani shagon taki da maganin feshi, a titin da ya bi ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda. Ni lauya ne. Na yi shekaru ina aiki a ƙarƙashin wani babban lauya a Kaduna, da mahaifina ya rasu sai na tattaro iyalina na dawo gida don in zauna kusa da mahaifiyata. Wanda muke zama da shi a ofishin aminin mahaifina ne, tsohon alƙalin kotun Musulunci da ya yi ritaya bayan ya zauna a Shinkafi da Zurmi da wasu garuruwan. Ni Baba nake ce masa, sauran jama'a kuma Alƙali. Shi ba lauya ba ne, amma abin da ya sani na gado da wasiyya ban kai rabinsa ba.

Tun farko mun yanke cewa aikinmu shi ne shirya wa mutum al'amarin dukiyarsa tun yana raye. Rabon gado kansa shari'a ta gama shi, ba mu da ta cewa a ciki. Abin da ke kawo rigima shi ne abubuwan da ke kewaye da rabon: gonar da aka ba wani aro aka manta aro ce, rumbun da mutum biyu suka haɗa hannu suka gina ba takarda, gidan da uba ya ce ya ba 'yarsa amma ba wanda ya ji sai ita. Mu namu mu rubuta wasiyya, ko takardar kyauta, ko ta wakafi, mu tantance iyakoki da shaidu, mu ajiye.

Shekarar farko kusan zaman banza muka yi. Mutanenmu ba sa hawa benen lauya sai an riga an ɓata, 'yan'uwa sun daina gaisawa. Wanda kuma ka ce masa ya zo a rubuta masa wasiyya, kallon da zai yi maka ke nan kamar ka ce masa ka hango ajalinsa. Ga shi ƙa'idar aikinmu ba ta yarda lauya ya riƙa tallar kansa kamar mai maganin gargajiya a kasuwa ba. Allo ɗaya ne da mu a bakin matakala, shi ma buhunan takin mai shago sun rufe rabinsa.

Wani abokina da muka yi karatu tare ya haɗa ni da wani mutum a Kano mai sana'ar tallata ofisoshi a intanet. Ta waya muka yi magana, ban taɓa ganinsa ba. Ya ce min yanzu duk ofishin lauyan da ba shi da shafi kamar babu shi ne. Na amince. Ya yi mana shafi da Turanci, a samansa hoton waɗansu tsofaffin Turawa, mata da miji, suna tafiya a bakin teku. Na nuna wa Baba, ya gyara tabarau ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Waɗanga su wa ne?" Na ce masa hoto ne kawai na ado. A wata uku mutum biyu suka kira ta dalilin shafin, ɗaya aiki yake nema, ɗayan fili yake son sayar mana a Abuja.

Da na koka, mutumin Kano ya ce matsalar ita ce ba fuskar da mutane suka sani. Ya nemi hoton Baba, na tura masa wanda ya ɗauka ranar Sallah da farin rawani. Ya haɗa shi a kan baƙin bango, ya sa ayar da ke tunatar da mutuwa da manyan haruffan Larabci a sama, can ƙasa kuma da ƙananan haruffa ya rubuta cewa a zo a shirya wasiyya tun da sauran lokaci. Ya ce za a biya a tura shi wayoyin mutanen Kaura da Shinkafi da Zurmi kaɗai. Ina tsaye a harabar kotu ya turo min, na duba da sauri na ce ya yi. Laifin nawa ne, don ni ne ɗan gari, ni ya kamata in ga abin da kowa zai gani.

Washegari da hantsi matata ta kira ni ta ce in je gidan Baba maza. Na hau babur na tafi. Na tarar da tabarmi uku a ƙofar gida cike da mutane, Baba na zaune a tsakiyarsu da ransa, kwanon kunu a gabansa. Mutane sun ga hoton sun ɗauka sanarwar rasuwa ce, ba wanda ya kai ga ƙananan haruffan. Waɗansu dariya suke yi, waɗansu suna share hawaye. 'Yarsa da ke aure a Zurmi ta kira tana kuka har ta kasa magana. Muna nan zaune wata mota ta tsaya, dattawa biyar suka fito, tsofaffin ma'aikatan kotunsa ne daga Shinkafi. Da sassafe suka taso, a lokacin da ba mai bin hanyar nan sai dole saboda masu tare mutane.

Baba ya karɓe su, ya sa aka kawo musu abinci, ya raka su mota. Sai da kowa ya watse ya juyo gare ni. Bai ɗaga murya ba.

"Mutuwata da anka sanar ba ta dame ni ba, tana nan tahe," in ji shi. "Amma da wani abu ya samu mutanen nan bisa hanya, mi za ka ce ma iyalinsu?"

Na ce, "Baba, a yi min afuwa. Ban duba da kyau ba."

"To ka tahi ka cire."

Na sa aka cire a ranar, amma hoton ya riga ya shiga hannun mutane, suna ta tura wa juna. Kwana biyu wayar Baba ba ta huta ba.

Matata ce ta kawo mafita. Ita tana sayar da zannuwan gado da kayan kicin daga cikin gida, duk ta waya, kuma ta fi ni samun masu nemanta nesa ba kusa ba. Muna cin abincin rana ta ce, "Barista, ni ban taɓa rubuta wa mai sayen kayana komai ba. Murya nake turawa, murya suke maido min. Wa zai tsaya karatu? Ka sa Baba ya yi magana da bakinsa ya ce yana nan, a tura. In an ji muryarsa magana ta ƙare."

Na ɗauka Baba zai ƙi, amma ya yarda nan take, don shi ma kiran ya ishe shi. Bayan la'asar na rufe tagar ofis saboda ƙarar Keke Napep, na ajiye waya a kan tebur a gabansa. Ya yi sallama, ya faɗi ko shi wane ne, ya ce yana nan da ransa da lafiyarsa, ya gode wa waɗanda suka yi masa addu'a, ya ce addu'ar ba ta ɓaci ba, a ajiye masa. Na miƙa hannu zan tsayar, sai ya ɗaga min yatsa. Ya ci gaba ya ce tunda an taru a kan maganar mutuwarsa, bari ya faɗi abu ɗaya. Ya yi bayanin cewa mutum yana da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa ba, ga wanda ba magajinsa ba, kuma rubuta ta ba ya matso da ajali. Duka maganar ba ta kai minti uku ba.

Matata ta sa a nata sitatus na waya, inda masu sayen kayanta ke gani, na tura wa limamai biyu da shugaban 'yan kasuwar hatsi. Kafin kwana uku na ji muryar Baba tana tashi daga wayar wani mai shayi a bakin tasha, mutane sun kewaye suna saurare. Mai shagon ƙasanmu ya ce ya ji ta a Kasuwar Daji. Daga nan sai tambayoyi suka fara shigowa, kusan duka da murya, da yawa kuma daga mata, waɗanda ba su taɓa hawa benenmu ba.

Haka muka mayar da abin na mako-mako. Ni ke tattara tambayoyin, in cire sunan mai tambaya da na garinsa, Baba ya zaɓi ɗaya ya amsa. In maganar ta shafi takardar fili ko hanyar kotu, in ƙara nawa a ƙarshe. Ba ma cewa a zo wurinmu, sai dai mu faɗi ko mu su wane ne. Masu cajin waya a kasuwanni suka riƙa zuba wa mutane saƙonnin a katin ajiya na waya, wato memori, tare da wa'azi da waƙoƙi, har suka kai ƙauyukan da sabis ba ya kaiwa. Na gwada yin gajeren bidiyo sau biyu, kamar yadda na ga lauyoyin birni suna yi, amma mutane suka ce yana cinye musu data, na bari.

Wani mako tambayar da Baba ya zaɓa ita ce ta jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa. Ya faɗi hukuncin yadda yake: in mamaci ya bar ɗa namiji da rai, 'ya'yan ɗansa da ya riga shi rasuwa ba su da gado. Ya ce ya ga marayu da yawa sun tashi hannu wofi a gabansa ta wannan hanya, kuma ba abin da alƙali zai iya yi a lokacin. Wanda ke da ikon yin wani abu shi ne kakan, tun yana raye. A yankinmu, inda aka binne samari da yawa iyayensu na raye, wannan saƙon ya fi kowanne yawo.

Bayan kamar mako biyu wata tsohuwa ta hawo matakalarmu tana hutawa bayan kowane taku uku. Ita kaɗai ce, da carbi a hannu da ƙullin goro a bakin mayafi. Ta zauna a ƙasa, na nuna mata kujera ta ce nan ya fi mata. Ta dubi Baba ta ce, "Kai ne mai muryar?"

Ya ce shi ne.

"Wurin maƙwabciyata na ji ka, muna surfe. Na sa ta maido shi har sau ukku."

Mutuniyar Zurmi ce, amma shekara biyu ke nan tana zaune a Kaura wurin babban ɗanta, wanda ke sayar da hatsi a kasuwa. 'Ya'yanta maza uku ne. Na tsakiyan an tare motarsu a hanya yana dawowa daga cin kasuwa, bai dawo da rai ba. Ya bar 'ya'ya mata uku, babbar tana sakandare. Uwarsu ta yi wani auren, yaran suna hannun tsohuwar. Ƙaramin ɗan nata direban babbar mota ne, yana kai kaya Kudu. Abin da ta mallaka gida ne a Zurmi, da gonakin tudu biyu, da fadama ɗaya da ta gada wurin mahaifinta. Marigayin ne ke noma fadamar tun yana saurayi.

"Shi ya san ta, shi ya haƙa rijiyar da ke ciki," in ji ta. "Ina so ta zama ta ɗiyanshi. Yanzu na ji ka ce in na mutu ko taki ɗaya ba su da."

Baba ya ce, "Haka ne, Hajiya. Hanya biyu gare ki. Ko ki yi wasiyya, su samu bayan ranki, amma kada ta wuce kashi ɗaya cikin ukku sai in ɗiyanki sun yarda. Ko ki ba su kyauta yanzu da lafiyarki, ki fitar da hannunki, a karɓa musu gaban shaidu. Wannan ba ya buƙatar yardar kowa."

Da muka yi mata tambayoyi sai ya bayyana fadamar ta fi gonakin tudun biyu daraja, za ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Ta ce to kyauta za ta yi, a rubuta yau. Ni har na jawo takarda. Baba ya tambaye ta ko 'ya'yanta sun san ta zo. Ta ce ba su sani ba, ce musu ta yi za ta dubiya.

"Ba mu rubuta komi yau," in ji Baba. "Ki tahi ki gaya musu. In kina jin nauyi, ki turo su nan."

Bayan ta sauka na ce masa ai shi da bakinsa ya ce ba a buƙatar yardarsu. Ya ce takarda za ta tsaya a kotu, wannan ba shakka, amma yaran a gidan wa suke kwana? Ni dai a raina na ga kamar za mu rasa aikin ne kawai.

Kwana huɗu bayan haka babban ɗan ya zo. Mutum ne mai jiki, ya kai hamsin, ƙurar gero a kafaɗar rigarsa. Ya gaida Baba a tsaye, ni ko kallona bai yi ba. Uwar tana bayansa.

"Allah gafarta Malam, ku kuka sa ma tsohuwar nan wanga tunani," ya ce. "Da tana zaune lahiya. Kun shiga wayoyin mutane kuna raba uwa da ɗiyanta. Tun ran da anka kashe ƙanena wa ke ciyar da yaran nan? Wa ke kai su asibiti? Ni. Yau an wayi gari ana ɓoye musu gona don kada in cinye."

A nan na gane ba fadamar ce ta fi damunsa ba.

Baba ya bar shi ya gama, ya sa ya zauna, sannan ya ce, "Ba wanda ya ce za ka cinye. Ka tambaye ta ga ta nan."

Tsohuwar ta ce, "Ni ban ce kai azzalumi ne ba. Ka riƙe su, Allah ya gani, ni ma na gani. Amma kai ba ka mutuwa? Ƙanenka da ya fita da sahe ya san ba ya dawowa? In na tahi, kai ma ka tahi, ɗiyanka goma sha ɗaya za su raba abinka, waɗanga ukku su tsaya kallo. Shi nika gudu."

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa a gwiwa.

Na ce a kira ƙaramin a ji ta bakinsa. Muka same shi ta kiran bidiyo, yana wani garejin manyan motoci a Kudu, ana ta hayaniya a bayansa. Tsohuwar ba ta taɓa ganin irin wannan ba, ta karɓi wayar ta manna a kunne, sai da na gyara mata. Da fuskarsa ta fito sai ta manta abin da ya tara mu, ta shiga tambayarsa me ya sa ya rame. Sabis yana yankewa yana dawowa. Da ya fahimci maganar ya ce, "Inna, abinki ne. Ki ba su. Ni ko an ba ni fadama yaushe zan noma ta?" Sannan ya ce da wansa, "Yaya, ka yi haƙuri, ka bar ta." Kiran ya katse a nan.

Babban ya miƙe ya ce zai yi tunani. Baba ya ba shi mako biyu. Ranar da suka cika bai zo ba, ya aiko maƙwabcin rumfarsa ya ce a gaya wa Alƙali shi ba zai hana ba, amma ba zai sa hannu a komai ba. Baba ya ce wannan ya isa.

Saura karɓa. Kyautar gona ba ta cika sai mai bayarwa ya saki, wanda aka ba ya kama, kuma an san iyakar abin da aka bayar. Yaran ƙanana ne, don haka kawunsu, ƙanin mahaifiyarsu da ke zaune a cikin garin Zurmi, shi zai karɓa musu ya riƙa nomawa. Fadamar tana bayan gari, tafiyar kusan rabin awa a babur, kuma mutane sai su yi kwanaki ba su leƙa wajen ba in an ji motsi. Baba ba shi da ƙarfin tafiyar, tsohuwar ma haka. Ni na tafi, ranar kasuwa, lokacin da motoci ke jerawa su tafi tare.

Zan faɗi gaskiya, ban je fadamar ba. Da ni da kawun yaran muka isa gidan mai unguwa aka ce shekaranjiya an ga baƙin babura ta gefen fadamar, sai na fara jan ƙafa. Kawun yaran ya lura, ya ce, "Lauya, kai zauna nan. Mu mun saba, kuma kai da ganinka an san baƙo ne." Ban yi musu ba. Na nuna masa yadda zai ɗauki bidiyo da wayata ba tare da ya tsayar ba. Suka tafi su huɗu, shi da wakilin mai unguwa da maƙwabtan gonar biyu, na gabas da na arewa. Na zauna a zaure ina shan ruwan randa, ina jin kunyar kaina.

Kafin azahar suka dawo. Bidiyon yana rawa, rabinsa ƙafafun mutane ne da ciyawa, amma an ga abin da ake so. Sun fara daga wata tsamiya, suka bi gefen rafi, kowane maƙwabci ya tsaya a kan iyakarsa ya faɗi sunansa ya ce daga nan zuwa nan tasa ce, daga nan ta Hajiya ce. An ga rijiyar, bakinta ya rufta ta gefe ɗaya. A ƙarshe kawun ya sa fartanya ya yi sara uku a ƙasa ya ce ya karɓa wa marayu. Na rubuta bayanin kowa a zauren, suka dangwala, mai unguwa ya sa hannu. Na biyo motocin la'asar na dawo.

Baba ya kalli bidiyon sau biyu. Ya ce yana da amfani, a ajiye, amma kada in ɗauka ya maye gurbin mutanen, don waya tana faɗawa ruwa. Ya sa na rubuta sunayen shaidun da na iyayensu da unguwanninsu. Washegari tsohuwar ta zo da jikokin nata uku, aka karanta mata takardar da Hausa daga farko har ƙarshe, ta dangwala. Ta roƙi a nuna mata bidiyon. Da aka zo wurin rijiyar ta ce a tsayar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa babbar jikar, "Ubanki ya haƙa wagga, shekarar da anka haife ki." Ta miƙo min wayar, ta ɗaure takardarta a cikin leda ta sa a ƙugu.

Da na ba abokina labari, ya kai wa mutumin Kano, sai ga kiransa. Ya ce wannan ai dama ce, in ɗauki tsohuwar a bidiyo tana yaba mana, yanzu abin da ke jawo mutane ke nan, su ji daga bakin wanda aka yi wa aiki. Ya kuma ce akwai manhajar da za a sa mana ta riƙa amsa tambayoyin mutane da kanta ko muna barci. Na ce masa na farkon sirrin gidan mutane ne, ba nawa ba ne da zan baza, kuma akwai ɗanta da zai gani. Na biyun na kai wa Baba, ya tambaya in manhajar ta yi kuskure a hukuncin gado wa za a kama. Na ce mu. Ya ce to mu amsa da bakinmu. Abu ɗaya na karɓa daga shawarwarin mutumin, shi ne mu ware lamba ta ofis daban, mu sa lokutan da ake samunmu. Wannan ya taimaka. Shafin Turancin kuwa da wa'adinsa ya ƙare ban sabunta ba.

Ba zan ce ofishinmu ya cika da jama'a ba. Mafi yawan masu sauraron Baba ba za su taɓa zuwa ba, waɗansu wurin limaminsu suke zuwa da abin da suka ji, ya rubuta musu, kuma hakan bai dame mu ba. Amma a mako ba ma rasa mutum uku ko huɗu, kuma yanzu akasarinsu kafin rigima suke zuwa. Akwai wani mai motocin haya daga Shinkafi da ya yi wakafin rijiyar burtsatse, akwai wata malamar asibiti da ta rubuta wa 'yar riƙonta wasiyya. Akwai kuma masu zaginmu. Wani ya turo murya mai tsawo yana cewa mun mayar da mutuwa sana'a. Baba ya saurara har ƙarshe ya ce a bar shi.

Baba ya tsufa ƙwarai a 'yan shekarun nan. Tari yana katse shi, wani lokaci sai mun ɗauka sau uku kafin a samu mai kyau. Makon da ba ya jin daɗi ni nake yi, kuma a ranar sai an turo ana tambaya ina tsohon yake. Na lura in na yi magana ina cusa kalmomin kotu, shi kuwa da gona da akuya yake misali. Ina koyo.

Babban ɗan tsohuwar har yau in mun haɗu a kasuwa gaisuwarmu ba ta wuce kalma biyu. Bai taɓa hawowa ofis ba tun ranar. Amma kawun yaran ya gaya min cewa shekarar da aka samu sauƙin hanya aka noma albasa a fadamar, babban ɗan ne ya aika motarsa ta ɗauko, ya sayar a Kaura da kansa, ya kai wa uwarsa abin da aka samu bai taɓa komai ba. Ya kuma aika da siminti buhu biyu aka gyara bakin rijiyar.

Tsohuwar ta koma Zurmi bara, ta ce ta gaji da zaman gidan wani ko da na ɗanta ne. Ƙananan jikokin biyu suna tare da ita. Babbar ta samu shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta nan Kaura, tana zaune gidan baffanta, tana karatun aikin gona.